Hitar banɗakin Dada ta fara yoyo: in gyara ko in sauya?

Baban Hanifa, Tumfure:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ya sanyi? Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san kan abin su warware mini.

Hitar bango mai dafa ruwan wanka da ke banɗakin Dada, mahaifiyata, ce ta kawo matsala. Mai lita 50 ce, tun 2016 da muka tare aka ɗaura ta. Sati biyu ke nan ruwa na ɗiga daga gindinta, tsatsa har ta ja layi a jikin tayil. Shekaranjiya da asuba kuma yarinyar da ke kwana da ita ta ce da ta taɓa kan famfo ta ji ya fizge ta. Nan take na kashe makunnin na ce kada wanda ya sake zuwa wurin. Tun ranar a kan gas ake dafa mata ruwa a juye a filas.

Dada ta haura shekara 70, ga ciwon ƙafa ga suga, ruwan sanyi ba nata ba ne, balle yanzu da hunturu ya kankama. Na leƙa kasuwa a nan Gombe, kuɗin da na ji ya sa na dawo gida jiki a sanyaye. Wani ya ce in gyara, wani ya ce in sayi ƙaramar nan mai zafafa ruwa nan take, wani ya ce sola. Wanne zan kama?

Mai Famfo na Bolari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Dada lafiya. Kafin a yi maganar kuɗi, ka duba mini daga ina ruwan yake fitowa. Wuri uku ne. In daga ɗan bawul ɗin da ke kan bututun ruwan sanyi ne, kuma sai hita na kunne yake ɗiga, wannan ba ciwo ba ne, aikinsa ke nan. In daga bakin murfin da elemen yake ne, wato ƙarfen da ke zafafa ruwan, roba ce ta mutu, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma in daga jikin tankin ne, ruwan kuma ja-ja ne, to ta gama yi. Kada wani ya ce zai yi maka walda. Cikin tankin shafe yake da wani abu kamar tangaran, da zarar wuta ta taɓa shi ya fashe, wata biyu tsatsa ta huda wani wurin.

Baban Hanifa, Tumfure:
Na je na haska da fitilar waya. Daga ƙasan tankin ne, inda ƙarfe ya haɗu, kuma ruwan ja ne kamar yadda ka ce.

Mai Famfo na Bolari:
To sai haƙuri, sauyi ya kama. Ta ma yi ƙoƙari.

Injiniya na Jekadafari:
Hamma, ni yoyon bai dame ni ba kamar fizgar da yarinyar ta ji. Allah ne ya tsare. Abin da wannan ke nufi shi ne wuta ta sami hanyar shiga ruwa, kuma babu abin da ya yanke ta. Da gidan na da wayar ƙasa mai kyau, wadda muke kira atin, da kuma bireka mai jin yoyon wuta, da tun kafin yarinyar ta taɓa famfo wutar ta katse kanta. Ko sabuwa fil ka sayo a kwali ka maƙala a kan wannan wayarin ɗin, haɗarin yana nan, ran da elemen ya tsage kawai yake jira.

Saboda haka a lissafinka kada ka rubuta kuɗin hita kaɗai. Rubuta sandar atin ta jan ƙarfe da za a kafa a ƙasa, da bireka irin wadda 'yan kasuwa ke kira ELCB ko RCCB mai 30mA, da makunni mai 20A wanda ke yanke waya biyu a lokaci guda, a wajen banɗaki ba a ciki ba, da waya mai kauri 2.5mm tun daga akwatin rarraba wuta, layinta ita kaɗai. Sannan ladan mai wuta da na mai famfo. Mutane da yawa suna zuba duk kuɗinsu a kan tambarin da ke jikin hitar, in aka zo waɗannan sai su ce a lallaɓa. Ni na fi son ka sayi ƙaramar hita ka gyara wayarin, da ka sayi babba ka bar shi.

Ɗan Herwagana:
Ni fa yallaɓai ban ga dalilin duk wannan kashe kuɗin ba. Hitar tsomawa a bokiti nake amfani da ita shekara huɗu, ko ta lalace ba ta kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Minti goma sha biyar ruwa ya yi zafi.

Adda Maman Sadiq:
Ƙanena, kar ka ba shi wannan shawarar. Kai gwauro ne a ɗaki ɗaya, shi gidansa da yara da tsohuwa. Maƙwabtanmu a Nasarawo da hitar bokiti ɗakinsu ya ƙone ƙurmus. An ɗauke wuta tana cikin ruwa, matar ta manta ba ta zare ba ta tafi unguwa, aka dawo da wuta, ruwa ya ƙafe, roba ta narke. Allah ya sa ba kowa a ciki. Duk hunturu sai ka ji irin wannan. Ga kuma yaro ya zo ya tsoma hannu ya ji ko ruwa ya yi zafi.

Ɗan Herwagana:
Gaskiya ne Adda, ban yi tunanin yara ba. To mai zafafawa nan take fa? Wani abokina ya sa, ƙarama ce kamar akwatin mita, kuma ya ce ba ta cin wuta tunda sai ka buɗe famfo take aiki.

Injiniya na Jekadafari:
Bari in tsaya a kan wannan, don ita ce ake yawan ruɗin mutane da ita a shago.

Ruwa ba ya sanin wace hita ce ta dafa shi. Lita ɗaya, kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, wuta iri ɗaya take sha ko a wace na'ura. Bambancin shi ne mai tanki tana sha a hankali, mai nan take tana haɗiye nata a lokaci guda. Mai tanki yawanci elemen ɗinta wat 1,500 ne, abin da take ja bai kai 7A ba. Mai nan take kuwa, in kana son shawa ta zubo lita 4 a minti ɗaya kuma ruwan ya tashi daga digiri 20 zuwa 40, sai kusan wat 5,500, wato kusan 24A. Wannan waya 4mm ko 6mm yake so, kuma ƙananan janaretocinmu na gida ba za su ɗauka ba. Ƙananan da ake tallatawa masu wat 3,500, ruwan da za su iya ɗumamawa haka bai wuce lita biyu da rabi a minti ba.

Sai maganar ƙarfin wuta. A takarda 230 ake ba mu, amma da yamma a unguwanni da yawa mita takan nuna 180. A 180, elemen kusan kashi 60 cikin 100 na zafinsa kawai yake bayarwa. Mai tanki za ta ɗan ƙara lokaci ne kawai ta kai. Mai nan take ruwa mai ɗumi-ɗumi za ta ba ka, ba yadda za ka yi.

Babbar magana kuma: Dada da asuba take son ruwa. In ba wuta ƙarfe biyar na asuba, mai nan take ƙarfe ce kawai a bango. Mai tanki ko da ƙarfe goma na dare aka kawo wuta ta yi zafi, jikinta da soso mai riƙe zafi, ruwan zai kai asuba.

Mai Famfo na Bolari:
In ƙara a kan na Injiniya. Mai nan take tana son ruwa mai ƙarfi kafin ta tashi. Gidajenmu na ƙasa tankin sama bai fi mita uku ko huɗu ba, ruwan ba ya da ƙarfin tada ta sai an ƙara injin turawa. Wani kuɗin ke nan. Na cire guda nawa a garin nan da hannuna, masu su sun gaji.

Baban Hanifa, Tumfure:
Na gamsu, na ajiye maganar mai nan take. To in sake sayen mai lita 50 ɗin ke nan?

Injiniya na Jekadafari:
Su wa ke wanka a banɗakin?

Baban Hanifa, Tumfure:
Dada ce da yarinyar. Wani lokaci a ɗebar wa ƙananan yara biyu kafin makaranta.

Injiniya na Jekadafari:
To 50 ta yi yawa. Ga lissafi. Ruwa mai digiri 60 ba a wanka da shi, sai an sirka. In ka haɗa shi da na sanyi mai digiri 20 daidai wa daida, za ka sami digiri 40, shi ne ruwan wanka. Ke nan lita 30 za ta ba ka lita 60, bokitin fenti uku cif. Lita 50 bokiti biyar.

Kai lita 50 daga 20 zuwa 60 yana cin yunit 2.3, kusan awa ɗaya da rabi. Lita 30 yunit 1.4, ƙasa da awa ɗaya. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauko da shi, wannan bambancin ya zama abin dubawa. Mu ɗauka naira 210. Mai 50 kusan naira 490 a kowace dafawa, a wata 14,700. Mai 30 kusan 295, a wata 8,800. In layinku ba Band A ba ne kuɗin ya ragu sosai, amma sa'o'in wutar ma sun ragu, ka ga nan ma wadda ke saurin yin zafi ita ce taka.

Bappa Alhaji, Federal Low Cost:
Yaran nan kuna ta lissafin yunit kamar wutar tana nan kullum. Kun manta 2024 da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe muka yi makonni a duhu? Ga Oktoban shekarar kusan Arewa duka ta sake shiga. Ni tun lokacin na ɗora hitar rana mai lita 200 a gidana, irin mai bututan gilashi. Ba waya, ba mita. Rana ta dafa, ruwan zafi ya hau tanki da kansa saboda ya fi na sanyi rashin nauyi, ya kwana da zafinsa. Allah ya ba mu rana a Gombe kyauta muna sayen zafi da kuɗi. Baban Hanifa, ka daure ka yi sau ɗaya ka huta.

Adda Maman Sadiq:
Bappa, Allah ya ƙara girma, ai ba kowa ke da ƙarfinku ba. Mutumin da kuɗin mai lita 50 ya sa ya dawo gida shiru, ina zai kai ga wannan?

Bappa Alhaji, Federal Low Cost:
'Yata, tsada ce ta rana ɗaya. Ku tara kuɗin wutar da Injiniya ya lissafa na shekara uku ku gani.

Injiniya na Jekadafari:
Bappa, maganarku tana kan hanya ga gida mai mutum goma da ke wanka da ruwan zafi. Amma lissafin nan nawa na wata uku ne ko huɗu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris wa ke kunna hita a Gombe? Tankin sama kaɗai ya isa, wani lokaci sai an jira ya huce. In Dada kaɗai ce ke buƙata duk shekara, za a daɗe kuɗin bai dawo ba. Sannan lokacin da aka fi son ta shi ne lokacin da hazo ke rufe rana, ƙura na kwanciya a kan gilashin.

Bappa Alhaji, Federal Low Cost:
Ana wankewa duk Juma'a, jikana ke hawa. Ko ranar hazo ruwan yana yin ɗumin alwala. Abin da zan yarda da shi dai, nauyi. Lita 200 kilo 200 ne ban da ƙarfen, ban yarda na ɗora a kan kwano ba, sai da aka yi mata gadon ƙarfe daban, kuma dole tankin sanyi ya fi ta tsawo. Wannan ya ci kuɗi, ban ɓoye ba.

Ɗan Herwagana:
To ba sai ya haɗa hitar da inbatar gidansa ba?

Injiniya na Jekadafari:
A'a. Batir mai 200Ah yunit 2.4 yake ɗauka, kuma irin na ruwan nan rabi ake so a sha in ana son ya yi ƙarko. Dafa lita 50 sau ɗaya zai shanye batir biyu. Layin hita a raba shi da na inbata tun daga akwati.

Adda Maman Sadiq:
Ni har yanzu ban ji wanda ya gaya mini laifin tukunya da gas ba. Da shi muka yi jegon 'ya'ya biyar, da can ma itace ne. Ga filas manya yanzu masu riƙe zafi har kwana.

Injiniya na Jekadafari:
Ta fuskar kuɗi ba shi da laifi, Adda. Kilo ɗaya na gas yana da zafin da ya kai yunit 12 da ɗoriya, sai dai kusan rabi yana bin iska ta gefen tukunya. Ki ce yunit 6 ke shiga ruwa. In kilo yana wajen naira 1,250, kunnen doki suke da wutar Band A, ƙasa da haka gas ya fi sauƙi.

Sista, Arawa:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, maganar tukunya ce ta sa zan sa baki. Adda, laifinsa ɗaya ne, ɗauko tafasasshen ruwa daga kicin zuwa banɗaki cikin duhun asuba. Duk hunturu yaran da ake kawo mana da ƙuna, akasari labarin ɗaya ne: an sauke ruwa an ajiye a tsakar gida za a ɗebo na sirki, yaro ya taho da gudu. Wanda ya taɓa wanke irin wannan ciwon ba ya mantawa.

Baban Hanifa, ka ce Dada na da suga. Masu suga da yawa jijiyoyin ƙafarsu sun yi sanyi, ruwa zai ƙona su ba su ji ba, ciwon ƙafa kuma a wurinsu ba ya saurin warkewa. Ko wace hita ka sa, a riƙa fara zuba na sanyi a bokiti sannan na zafi, yarinyar ta gwada da gwiwar hannunta kafin Dada ta sa ƙafa. In tsautsayi ya faru, ruwan famfo mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, sannan asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

Kuma kada wanda ya sa hitar gas a cikin banɗaki rufaffe, ko ya shiga da kaskon gawayi. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, barci kawai mutum zai ji.

Baban Hanifa, Tumfure:
Na gode Sista, wallahi ban san maganar ƙafar nan ba. To in rage tamostat ɗin, mai daidaita zafin ruwan, zuwa digiri 40 mana, ba ƙuna, ga sauƙin wuta.

Sista, Arawa:
Kar ka yi. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Lejiyonela, tana hayayyafa a ruwan ɗumi da ya kwanta, tsakanin digiri 20 da 45. An gano ta ne bayan ta kama mahalarta wani taro a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Ta feshin ruwan shawa ake shaƙarta ta zama ciwon huhu, kuma tsofaffi da masu suga ta fi kayarwa. Shi ya sa ake barin tanki a 60. Zafin a bar shi a tanki, sirkin a yi shi a bokiti ko a famfo mai haɗa zafi da sanyi.

Injiniya na Jekadafari:
Ni kaina nakan ce wa mutane su rage don mita. Na karɓi gyara, Sista.

Mai Famfo na Bolari:
Tunda an tsaya a kan mai tanki, ga abin da ke kashe su a garin nan, don kada sabuwar ta bi tsohuwar.

Na farko kunna ta ba ruwa. Mu nan ruwan Dadin Kowa ba kullum yake isa kowace unguwa ba, wasu da tanka suke saye, tankin sama yakan ƙafe ba a sani ba. Elemen in ya yi zafi a busasshen tanki, cikin ɗan lokaci ya ƙone. A koya wa yarinyar: ta buɗe famfon zafi tukuna, in ruwa ya zubo sosai sannan ta kunna.

Na biyu bawul ɗin nan da na faɗa tun farko. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, dole ya sami mafita. Sai ka je gida ka tarar an ɗaure bakinsa da leda ko an toshe da kusa wai yana jiƙa bango. Ran da tamostat ya maƙale ruwa ya yi ta tafasa, tankin ne zai tarwatse. A sa masa siririyar roba ta kai ruwan magudana, shi ke nan. Kuma sabon bawul za a sa, kada a mayar da tsohon.

Na uku, a cikin tankin akwai wata sanda ta magnesiyom. Aikinta tsatsa ta ci ta a maimakon tankin. In ta ƙare sai tsatsa ta juya kan ƙarfe. Duk shekara ɗaya ko biyu ake dubawa, kuɗinta kaɗan ne. Alhaji, tun 2016 an taɓa buɗe taka?

Baban Hanifa, Tumfure:
Ko sau ɗaya. Yau na fara jin akwai ta.

Mai Famfo na Bolari:
To ita ce ta huda maka tanki. In kuma ruwan rijiyar burtsatse kuke sha, duba gindin butar shayinku. In akwai farin ɓawo kamar kanwa, irinsa na nan a kan elemen, yana hana zafi fita har ya tsage. Mutanen wajen Bajoga da Ashaka, inda dutsen siminti yake, sun fi kowa sanin wannan.

Wajen saye kuma, Ariston ce sunan da kowa ya sani, shi ya sa masu jabu suka fi bin ta. Ka sayi ko wace iri ce a shagon da zai ba ka rasit da takardar garanti, ka tambaya ko ana samun elemen ɗinta da tamostat a nan Gombe. Ta hannu kuwa kar ka kusance ta, ba ka ganin cikinta. Farashi kuma kada ka auna da na da. Kayan waje ne, dala tana wajen naira 460 kafin Yunin 2023, a 2024 ta haura 1,500.

Ɗan Herwagana:
Tambaya ta gefe. Wanda yake haya fa, hitar gidan ta mutu, shi zai saya ko mai gida?

Bappa Alhaji, Federal Low Cost:
Ni a gidajena, abin da ɗan haya ya tarar a bango nawa ne, in tsufa ya kashe shi ni ke sauyawa. In shi ya kunna ba ruwa ya ƙona elemen, shi zai saya. Amma ku yi magana kafin a kashe kuɗi, a rubuta, a san ko za a cire daga kuɗin haya.

Baban Hanifa, Tumfure:
Jama'a, na dawo da bayani bayan kwana shida. Na sayi mai lita 30. Da mai wuta ya buɗe makunnin, waya biyu kawai ya tarar, babu ta atin kwata-kwata, kuma daga soket ɗin ɗakin Dada aka jawo layin da siririyar waya, har robarta ta yi baƙi. Na daɗe a tsaye ina kallon wayar nan, shekara da shekaru mahaifiyata na wanka a ƙarƙashinta. An ja sabon layi, an kafa sanda a bayan banɗaki, an sa birekar, ya danna maɓallin gwaji a gabana ta faɗi. Kayan wuta da na famfo da ladan aiki sun kai kusan rabin kuɗin hitar, sai da na ɗage sayen tayoyin mota zuwa wani watan. Da aka sauke tsohuwar aka buɗe, sandar da Mai Famfo ya faɗa saura ɗan guntun ƙarfe kamar tsinke, farin ɓawon kuma ya kusa cika kwanon sha.

Bappa, maganar ta rana ban yar ba, in Allah ya hore zan zo in ga taku. Yau da asuba an ɗauke wuta tun ƙarfe ɗaya, amma Dada ta yi alwala da ruwan ɗumi, ta ce in gaishe ku, ta sa muku albarka ɗaya bayan ɗaya.

Sista, Arawa:
Amin, muna amsawa. A ci gaba da gwada mata ruwan da gwiwar hannu.

Adda Maman Sadiq:
Alhamdu lillahi. Injiniya, tamu hitar tun 2018 take, kuma ban taɓa ganin wata sanda a bayan gidanmu ba. Na kashe ta tun jiya. Baban Sadiq yana gida ranar Asabar bayan la'asar, in kana da sarari ka zo da abin awonka.